Mahaucin da Nama Ya Juya wa Baya

Duk wanda ya shiga layin masu kaji da hantsi zai ga wani dogon dattijo zaune kan kututture, gaban tukunyar ruwan zafi, yana figar kaza kamar wanda aka sa dole. Matan da ke kawo masa kaji suna ce masa Baba mai figa. Ba su san sunansa Gwadabe ba, ba su kuma san hannun nan da ke tsige gashin kaza ya shekara talatin da takwas yana feɗe bijimai a Abatuwa, babbar mayankar Jos, ba. Shi ma ba ya faɗa. Ya koyi kama bakinsa, amma sai bayan bakin ya gama ɓarnarsa.

Gwadabe mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ya zo Jos zamanin kuza, ba don ya haƙa ba, sai don ya sayar wa leburori nama. Ubansa ya gaji wuƙar, shi kuma ya karɓe ta tun gemu bai fito masa ba. A fagen fiɗa babu na biyunsa. Yakan raba sa da fatarsa ba tare da ya huda ta ko sau ɗaya ba, har masu sayen fata suna gane aikinsa kafin a faɗa musu. Ga shi da cika baki. In ya tashi kirari sai ya bugi ƙirji ya ce, "Nama ne ya gina wannan gidan, tun daga harsashi har rufi." Wa zai yi masa musu? Mutum ne da ke saɓa cinyar sa a kafaɗa yana hira.

Shanun da ake kawowa daga rugage da kasuwannin kara ba su zuwa su kaɗai. Suna zuwa da kaska a mara da hammata da gindin wutsiya, mai fiɗa kuwa rungumar sa yake yi. Kullum Gwadabe ya koma gida sai matarsa Hasiya ta zaunar da shi ta tsince masa su a wuya da ƙugu da bayan gwiwa, tana tsaki.

"Kaska, raɓi mai jini," in ji ta. "Malam, waɗannan ai sun mai da kai gona."

"Bar su su sha," yakan ce. "Akwai shi da yawa."

Hasiya ba ta son ƙarnin nama, ya ishe ta a tufafin da take wankewa. Saboda haka a gidan babban mahaucin nan miyar busasshen kifi ake ci, maƙwabta suna yi musu dariya. Gwadabe bai damu ba, domin yana da rabonsa a wurin aiki. A cikin ƙungiyarsu akwai al'ada tun ta iyaye: wanda ya feɗe san farko na safiya, shi ke da ƙoda ɗaya da kitsenta. Suna ce mata ƙodar mai wuƙa. Tun da kuwa Gwadabe ke fara fiɗa, kusan kullum tasa ce. Kafin ƙarfe takwas an gasa ta a kan gawayi, an barbaɗa gishiri da barkono, ya cinye a tsaye yana wasa wuƙa. Bai taɓa lissafa ta cikin abinci ba. A wurinsa kamar goro take, abin taɓa baki kafin a shiga aiki.

Abincinsa na gaskiya yana bakin ƙofar Abatuwa, wajen Ngo Chundung. Ita 'yar Birom ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, gajeriya mai faɗin kafaɗa, bakinta ya fi wuƙar Gwadabe kaifi. Gwaten acca take sayarwa, wanda aka dama da yakuwa da gauta da alayyafo, a zuba garin ƙuli-ƙuli a kai. Ga ta a tsakiyar nama, amma ko ƙashi ba ta sawa a tukunyarta, da gangan kuma. "Tukunya na ba ruwan shi da yanka," takan ce da irin Hausarta ta Jos. "Mai salla ya ci, mai coci ya ci, ba wanda zai tambaye ni wa ya yanka." Mahautan da suka wuni cikin ƙarni kuwa ba abin da suke so kamar tsamin yakuwa. Sha biyun rana na yi za ka ga bencinta ya cika, Gwadabe a gefen dama, wurin da kowa ya san nasa ne.

Akwai abin da ke tsakaninsu wanda ya wuce ciniki. Ranar da Jos ta fara rikicewa, Gwadabe ya kai nama can cikin Tudun Wada, kafin ya juyo hayaƙi ya tashi, matasa sun tare hanya da sanduna suna tambayar kowa sunansa. Yana tsaye a lungu, sai ga Ngo Chundung ta taho gida da tukunyarta babu komai ciki. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta fizge hularsa ta cusa a ƙugun zaninta, ta ɗora masa tukunyar a ka, ta tura shi gaba. A kowane shinge sai ta ce, "Ƙani na ne, kurma ne, ba ya ji, ba ya magana. Ku ba mu hanya." Haka ta fitar da shi har inda ya hango nasa mutanen.

Hular kuwa ba ta mayar masa ba. In ya tambaya sai ta ce, "Kurma, sai ranar da ka daina cin gwate na zan ba ka." Ya yi dariya, ita ma ta yi. Bayan rikicin, gari ya rabu, kowa ya koma kasuwar nasa, amma bencin Ngo Chundung ya ci gaba da ɗaukar kowa. A duk faɗin unguwar ba a rasa irinsa ba, sai dai ba su da yawa.

Ciwon ya fara masa yana da shekara hamsin da shida. Wata rana ya aje kwanon gwate ke nan, sai tafin hannunsa ya kama ƙaiƙayi. Kafin a kira azahar jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar wanda rina suka yi wa taron dangi, cikinsa yana murɗawa. Mai kemis ya ce borin jini ne, ya ba shi ƙwaya, abin ya lafa. Bayan kwana huɗu ya dawo, sannan ya dawo kuma. Ba kullum ba, amma in zai zo, lokacinsa ɗaya ne: rana tsaka, kwano bai gama hucewa ba.

Sai azumi ya kama. Kwana talatin Gwadabe bai ga ko ƙurji ɗaya ba. Yana fiɗa da yini, ya sha ruwa da kunu da ƙosai, ya ci tuwon Hasiya da miyar kifi, lafiya lau kamar an zare masa ƙaya. Ranar da aka koma aiki bayan Salla ya feɗe san farko, ya ci ƙodarsa da marmarin wanda ya yi wata bai gan ta ba, har da ƙarin kitse. Sha biyu na yi ya zauna a gefen dama na benci. Bai kai rabin kwano ba leɓɓansa suka kumbura, maƙogwaronsa ya fara rufewa, ya zame daga benci yana neman iska.

Sharafaddeen, abokin aikinsa kuma ɗan ƙanin ubansa, shi ya tallafe shi. Mutum ne mai saurin lissafi, irin wanda in ya ga hayaƙi ya riga ya san wa ya kunna wutar. Yana yi masa fifita da hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku duba mini. Wata guda bai ci abincin nan ba, ko ciwon kai bai yi ba. Yau ya ci, ga shi. Sai an kira malami ya fassara muku?"

Ngo Chundung ta taho da ruwa a kofi. Gwadabe ya ɗago ido ya dube ta. Tsoron mutuwa mugun abu ne, yakan sa mutum ya kama duk abin da aka miƙa masa, ko da kaifin wuƙa ne. Ya ture kofin, ya nuna kwanon da yatsa, da kumburarren bakinsa ya ce, "Ngo, me na yi miki?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma magana zarar bunu ce. Kafin la'asar an ce barbaɗe take yi wa Musulmi a abinci. Kafin gari ya waye an ce an gan ta da ƙullin magani a bakin zani, an kuma samu mutum uku da suka tuna su ma cikinsu ya taɓa ciwo. Aka ce dama me ya sa ba ta sa nama, in ba don kada maganin ya karye ba? Abin da ta yi don kowa ya ci da kwanciyar rai, shi aka juya ya zama shaida a kanta.

Ta ci gaba da zuwa har mako uku. Takan dama gwatenta, ta shimfiɗa benci, ta zauna tana kore ƙuda, da yamma ta koma da tukunya cike. Nata mutanen ma suka ja baya, domin ba wanda ke son a gan shi inda ake nuni da baki. Gwadabe kuwa ya sake hanya, yana bi ta ƙofar baya don kada su haɗa ido. Wata safiya ta tarar an farfasa mata murhu an jefa bencin a kwata. Ta ɗora tukunyarta a ka ta tafi, shekara ashirin da biyar na zama a wurin suka ƙare ba ko sallama.

To, ta tafi, ciwo bai tafi ba. Mai hankali zai ce a nan ya kamata a tsaya a sake tunani, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Sharafaddeen ya kai shi wajen wani mai magani, wanda ya duba ya ce barbaɗen ya riga ya zauna a ciki, kuma yana farkawa ne daidai lokacin da aka saba ba shi. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, don bai bar wa kowa laifi ba sai wadda ba ta nan. Gwadabe ya sha saiwa, ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, ya yi amai har ya gaji. Hasiya, baiwar Allah, da ta ga mijinta yana ramewa, sai ta danne ƙyamarta ta shiga dafa masa farfesun kayan ciki da romon ƙashi don ya mai da jini. A gidan mahauta ba a san wani maganin rama ba sai nama. Tana ba shi da hannunta, tana tsine wa Ngo Chundung, shi kuma yana sha yana cewa amin.

Shekara biyu aka yi a haka. Ranar Babbar Salla ya yanka ragonsa, ya ci hanta da ƙoda da hantsi kamar yadda aka saba, kafin la'asar ya faɗi a tsakar gida ba numfashi. A keke napep aka kai shi asibiti. Aka soka masa allura a cinya, aka sa masa iska, da ƙyar ya dawo.

Likitar da ta karɓe shi wata matashiya ce, Dokta Fiddausi. Washegari ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa, Hasiya na gefe.

"Baba, duk ranar da abin nan ya tashi, me kake ci?"

"Dā gwate ne," ya ce. "Yanzu kuwa ko me na ci da rana. An riga an zuba mini abin a ciki."

"Ban da na rana. Da safe fa?"

"Ba na karyawa."

"Ko kaɗan?"

Hasiya ta ce, "Sai dai 'yar ƙodar nan tasu ta wurin aiki. Wannan ai ba abinci ba ce."

Likitar ta daina rubutu. Ta tambayi ƙarfe nawa yake cin ta, ƙarfe nawa ciwon ke zuwa. Ta nemi ya ɗaga wuyan rigarsa, ta daɗe tana duban baƙaƙen tabon da suka cika masa wuya da kafaɗa. Da ta ji cizon kaska ne na shekara da shekaru, sai ta ce za ta ɗebi jininsa. Ta ce tana aiki da wasu masu bincike da ke duba jinin makiyaya da mahauta, gwajin ba a yin sa a nan, sai an aika. Kafin sakamako ya dawo kada ya kusanci naman duk wata dabba mai ƙafa huɗu. Gwadabe ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya yi wauta, amma ya ji jiki, ya bi.

Bayan mako uku ta kira su, takarda a gabanta.

"Baba, ba sammu ba ne, ba barbaɗe ba ne. Nama ne."

"'Yata," ya ce, "na fi shekara hamsin ina cin nama."

"Na sani. Kaska ce ta shiga tsakaninku." Ta yi masa bayani a hankali. A cikin yawun kaska akwai wani sinadari, masana suna ce masa alfa-gal, wanda kuma yake cikin naman sa da rago da akuya. In kaska ta yi ta cizon mutum, wani jikin yakan ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba. Daga ranar, duk sanda ya ci nama sai jikin ya tashi yaƙi. Ƙoda da kayan ciki da kitse sun fi tayar da shi. "Abin da ke ruɗar mutane," in ji ta, "shi ne ba ya tashi nan take kamar na gyaɗa ko ƙwai. Yana bin kitse ne, kitse kuwa ba ya saurin narkewa. Sai bayan awa uku, huɗu, har shida. Mutum ya ci abin da safe, ya faɗi da rana, sai ya kama abin da ke gabansa."

Gwadabe ya shiga lissafi. Daga takwas zuwa sha biyu awa huɗu ne, ko wanda bai shiga makaranta ba ya san wannan. Ya tuna azumin nan na kwana talatin. Gaskiya ne bai ci gwate ba. Amma mai azumi yana cin ƙodar safe? Duk cikinsu, mahauta sama da ɗari, ba wanda ya yi wannan tambayar, don wa zai tuhumi nama a Abatuwa?

"Acca fa?" ya tambaya. "Yakuwa? Gauta?"

"Ba ruwansu."

"Ƙuli-ƙuli?"

"Mun gwada gyaɗa. Jininka bai ce komai ba."

"Tun yaushe aka san wannan ciwon?"

Ta ce ba a daɗe ba, bai kai shekara ashirin da gano shi ba, kuma ko a ƙasashen da aka gano shi likitoci da yawa ba su san shi ba tukuna. Ta ce har yanzu ba shi da magani sai ƙauracewa, amma ana ta bincike, kuma in ya daina haɗuwa da kaska wataƙila ya yi sauƙi da shekaru. Kaza da kifi ba su da laifi. Tana faɗa cikin murna, don a wurinta an gano bakin zare. Shi kuwa abu ɗaya ya ji: ranar da ya nuna kwanon nan da yatsa, amsar tana nan a rubuce a wani littafi, can wata ƙasa, tana jiran wanda zai kawo ta. Ilmin ya iso Jos, amma ya iso kamar motar kashe gobara da ta tarar da toka. Hasiya ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana tuna tukwanen farfesun da ta dafa.

Ya aje wuƙa, ya bar ƙoda, wata uku ko ƙaiƙayi bai ji ba. Lafiyar da ya shekara biyu yana roƙo ta zo, amma ta zo da abin da ya fi ciwon nauyi. Ran nan da safe ya sa takardar a aljihu ya hau keke zuwa Tudun Wada.

Ngo Chundung tana zaune a gidan 'yarta Klaudiya, ta tsufa fiye da shekarunta, ƙafafunta sun kumbura saboda zama. Klaudiya ta so ta rufe masa ƙofa, uwar ta hana. Gwadabe ya durƙusa a ƙasa, ya faɗi komai, kaska da ƙoda da awa huɗu, ya miƙa takardar. Klaudiya ta karanta ta jefa masa a gaba.

"Oga, ka san jikokinta an daina cin abin da suka kai makaranta? Ka san a coci ma akwai masu kauce mata?"

Ngo ta ɗaga mata hannu. Ta ce a zubo masa gwate. Ya karɓa da hannu biyu, ya cinye tas yana hawaye, tsamin yakuwar yana nan yadda ya san shi. Suka zauna suna jiran abin da duk sun san ba zai zo ba. Awa ɗaya ta wuce, ba abin da ya same shi.

"Ni na san ban sa komai ba," ta ce. "Ba ni ke bukatan takarda ba. A gaban mutane ka faɗa wancan. Je ka faɗa wannan a gaban su."

Washegari ya je Abatuwa lokacin da ake gasa ƙodar mai wuƙa, sa'ar da kowa ke kusa. Ya hau kan dakali ya yi sallama, suka taru, don har yanzu yana da girma a idonsu. Ya ɗaga takardar ya yi magana kamar yadda bai taɓa yi ba. Ya ce ya zalunci matar nan, ya ce kowa ya taya shi neman gafararta, ya ce a gina mata murhunta. Ya ce nama ne ke tayar masa da ciwo, kaska ce sila, kuma duk wanda ke cikinsu yana iya kamuwa.

Sai wani daga baya ya ce, "Yanzu so kake gari ya ji mahauta da bakinsu sun ce nama na kisa? Mu ci me?" Aka fara gunaguni. Sharafaddeen ya matso, fuskarsa cike da tausayi na gaske, wanda ya fi zagi ciwo.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka je gidanta?"

"Na je."

"Ka ci wani abu?"

"Na ci gwate, kuma ga ni a tsaye, ba abin da ya same ni."

Sharafaddeen ya juya ga jama'a ya tafa hannu. "Inna lillahi. Kun ji ko? Dā jikinsa ta kama, yanzu ta kama kansa. Mahauci ɗan mahauci, jikan mahauci, ya tsaya a Abatuwa yana cewa nama guba ne, abincinta ne lafiya. Wane irin aiki ne ya wuce wannan?"

Aka yi ta salati. Ba wanda ya karɓi takardar ya duba. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yaye masa, wani ya ce ya san malamin da ke karya irin wannan. Aka koma kan aiki, mai wuƙar ranar ya ci ƙodarsa a tsaye. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zauna a Abatuwa ba, don wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Gwadabe bai karaya ba. Ya ce in baki bai yi ba, ido zai yi: zai riƙa zuwa gidanta kullum yana cin abincinta, har kowa ya ga yana ƙiba. Ya je rana ta farko, ya je ta biyu da ta uku. A rana ta huɗu ya tarar da ita zaune a ƙofar gida, ba kwano, sai wani ƙullin leda a cinyarta. Sabon labarin ya riga shi isowa. Har a famfon unguwa ana cewa tsohuwar ta mallake wani Bahaushe, ga shi nan yana sintiri kamar raƙumi da akala.

"Ngo," ya ce, "a ba ni lokaci. Za su gane."

"Ranar da ka ce na cuce ka, magana nawa ka yi? Ko numfashi ba ka da shi, duk gari ya ji. Yanzu ka zo da lafiyan ka, da dokta, da takarda mai hatimi, ba wanda ya ji." Ta girgiza kai. "Na yafe maka, Gwadabe. Wannan tsakani na da Allah ne. Amma kowane kwano da ka ci a gidan nan, a kai na ake rubuta shi. Ina da jikoki. Kar ka sake zuwa."

Tun ranar tukunyar nan ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai yau. Ta miƙa masa ƙullin. Bai buɗe ba, ya riga ya san abin da ke ciki. Hular ce, a wanke, a ninke, zarenta ya koɗe, tana ƙanshin ƙasan akwati.

Ita ce hular da ke kan Baba mai figa a layin masu kaji. Ta yi masa yawa yanzu, saboda ramar da ya yi, kuma Hasiya ta saya masa sababbi har biyu ya ƙi sawa. Takardar likita tana aljihunsa, ta tsage a wurin ninki. Duk mahaucin da ya biyo ta layin, sai ya tare shi ya ce ya riƙa duba jikinsa saboda kaska, su kuwa su ce to Baba, su wuce suna taɓa juna. Sha biyun rana na yi yakan wanke hannu ya zauna a gefen dama na kututturensa. Masu abinci suna wucewa da shinkafa da wake da doya, wani lokaci har da gwate. Ba ya kiran kowa.